Gyaran Tsarin Aiki ko Sarrafa Shi a Kwamfuta: Wanne Za Ka Zaɓa?

Ya kai ɗalibi, akwai sana'o'i biyu da jama'a kan ɗauka ɗaya ne, alhali kuwa sun bambanta.

Ta farko ita ce sake fasalin tsarin aiki. Mai wannan sana'a yakan bi fayil daga tebur zuwa tebur, ya gano inda yake kwana, sa'an nan ya ba da shawarar matakan da ya kamata a soke. Tilas ya kasance mai haƙuri da iya lallashi, gama mutane ba su son barin abin da suka saba. Don irin wannan gyara ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Ofishin Garambawul na Aikin Gwamnati a 2004.

Ta biyu kuwa ita ce haɗa albashi, kasafin kuɗi da sayen kaya cikin manhaja guda. Misalinta shi ne IPPIS, watau tsarin biyan albashi da aka soma a 2007, da GIFMIS na kuɗin gwamnati a 2012. Wannan tana bukatar ilmin akanta da na kwamfuta. Ana koyar da na kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983.

Amma a lura: in aka ɗora ruɗaɗɗen tsari a kwamfuta, ruɗanin ne zai ƙara sauri, albashin ma'aikaci kuma ya maƙale. Gyara shi ne farko. Saboda haka ka dubi halinka ka zaɓa, ƙasa tana bukatar duka biyun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.