Kwana 28 ɗin da Ba Ma Sa Su a Lissafin Cefane

Ni mutumin Suki ne, a gaɓar kogin Nilu cikin jihar Sinnar, kuma fataucin riɗi da gyaɗa nake yi. Da yaƙi ya iso garinmu a daminar 2024, muka kwashi yara muka nufi Gadarif. Wata biyu kisra da ruwan miya kawai muke ci. A can uwargidana ta gane tana da ciki.

Ranar awo, ungozoma ta tambaye ta me take ci kafin cikin ya shiga. Na ce, "Baba, ai cikin bai fi wata uku ba, yanzu za mu fara kula." Ta girgiza kai ta ce, "Malam, ginin ƙwaƙwalwa ya riga ku farawa."

Maganar ta hana ni barci, sai da na bi diddiginta. Ashe cikin kwana 28 na farko ake naɗe ɗan bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka, sau da yawa kafin mace ta san ta ɗauka. A jikinsa akwai uwayen ƙwayoyi masu haifar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Rubutun gadon da ke cikinsu, wato DNA, iri ɗaya ne da na ƙwayar fata ko ta hanta. Abin da ya bambanta su wasu 'yan alamomi ne da jiki ke ɗorawa a kan rubutun, kamar wasali a ajami: baƙi ɗaya, amma karatu ya sauya. Alamomin ke faɗa wa ƙwaya ta ci gaba da haihuwa ko ta kama aikinta. Masana na kiran wannan epijenetik, kuma sinadarin folet na abinci yana cikin kayan da ake yin alamomin da su.

An ga sawun yunwa a kansu. Mutanen da aka yi cikinsu a yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, bayan shekara 60 alamominsu sun bambanta da na 'yan uwansu ciki ɗaya. A Keneba ta Gambiya ma, an sami bambanci tsakanin yaran da aka yi cikinsu da damina da na rani.

Alhamdulillahi, ɗiyarmu ta zo lafiya, tana ta rarrafe. Ƙwaƙwalwa takan ci gaba da ginuwa bayan haihuwa, saboda haka wanda ya makara kada ya fid da rai.

Amma ku 'yan uwana fatake, in za ku aika kuɗin cefane, ku ware na wake, adas, ful, alayyahu, ƙwai da gishiri mai aidin. Matar da ke sa ran haihuwa ta fara shan ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ciki. Ragon suna yana iya jira, waɗannan kwanaki kuwa ba sa jiran kowa ya dawo daga fatauci.