Ranar da mai gadi ya kulle gida: kwamfuta miliyan 8 da rabi sun tsaya cik

Ranar Juma'a 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba agogon Yamai, wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara ta hanyar intanet, kamar yadda ya saba. A lokacin an yi azahar a ƙasar Ostareliya, ma'aikata suna bakin aiki, sai suka ga allon kwamfutocinsu ya koma shuɗi. Da gari ya waye a Turai, filin jiragen sama na Barlin ya dakatar da tashin jirage, gidan talabijin na Sky News a Ingila ya ɗauke na ɗan lokaci, asibitin jami'a na garuruwan Kiel da Lübeck a Jamus ya ɗage aikin tiyatar da ba na gaggawa ba. A Indiya an koma rubuta takardar shiga jirgi da hannu. Masu shirya wasannin Olamfik na Paris, waɗanda mako ɗaya ya rage musu su buɗe, su ma abin ya taɓa aikinsu. A ranar kaɗai an soke tashin jirage wajen 5.000 a duniya.

Da farko mutane da yawa sun zaci abokan gaba ne suka kai hari. Kafin rana ta yi nisa shugaban kamfanin, George Kurtz, ya fito ya ce ba hari ba ne, kuskure ne daga gidansu. Abin mamaki a nan, sana'ar kamfanin ita ce gadi. An kafa shi a shekarar 2011, cibiyarsa tana garin Austin na jihar Teksas, kuma manhajarsa mai suna Falcon aikinta ta zauna cikin kwamfuta dare da rana tana sa ido, don ta kama ɓarayin bayanai da masu shigo da cuta. Bankuna da asibitoci da kamfanonin jirage da ma'aikatun gwamnati suna biyan kuɗi masu yawa don su same ta.

Domin a gane yadda ɗan gyara ya haddasa wannan ɓarna, sai a kwatanta kwamfuta da gida. Yawancin manhajoji, wato na rubutu da na lissafi da na wasanni, baƙi ne da ake saukewa a zaure. In ɗaya daga cikinsu ya yi ba daidai ba, sai tsarin Windows, wanda shi ne maigida, ya fitar da shi waje, gida ya ci gaba da harkarsa. Amma mai gadi irin Falcon ba a zaure yake zama ba. An ba shi izinin shiga har ƙuryar ɗaki, inda ake riƙe da makullan kome, saboda daga can ne yake iya ganin ɓarawo kafin ya yi ɓarna. Wanda yake ƙurya kuwa, in ya yi tuntuɓe, Windows ba ya da hanyar fitar da shi shi kaɗai. Sai ya tsayar da gidan baki ɗaya don kada bayanai su lalace, ya nuna shuɗin allo.

Kuskuren da kansa, duk wanda ya taɓa riƙe rajista a ofis zai fahimce shi. A watan Fabrairu na 2024 kamfanin ya ƙara wa Falcon wata sabuwar hanyar bincike, aka tsara ta a kan takarda mai gurbi 21. Sai dai sashen da ke cika takardar gurbi 20 kawai yake kawowa. An aika umarni a watan Maris, an sake aikawa a watan Afrilu, ba abin da ya faru, domin babu umarnin da ya buƙaci a duba gurbi na ƙarshe. Na ranar 19 ga Yuli, wanda aka sa cikin fayil mai lamba 291, shi ya fara cewa a karanta gurbi na 21. Akawu ɗan adam da zai ɗaga kai ya ce takarda ba ta cika ba. Na'ura ba ta da wannan wayo: ta miƙa hannu inda babu kome, ta faɗi. In ta sake tashi, mai gadi ne yake fara farkawa, ya sake karanta fayil ɗin, ya sake kayar da ita. Akwai wata manhaja da aka ajiye musamman don ta tantance irin wannan umarni kafin ya fita, amma ita ma tana da nata aibi, ta bar shi ya wuce.

Kamfanin ya janye gyaran da ƙarfe 6 da minti 27 agogon Yamai, wato bayan minti 78. Kwamfutar da take kashe a wannan tsakani ta tsira. Wadda take kunne kuma tana haɗe da intanet ta kamu, kuma kamfanin Microsoft ya ƙiyasta yawansu miliyan 8 da rabi. Wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na kwamfutocin da ke aiki da Windows ba, amma su ne na wuraren da jama'a suka dogara da su.

Wahalar ta gaske a wajen gyara ta bayyana. Cutar ta zo ta intanet cikin ƙiftawar ido, maganin kuwa bai iya bin hanyar nan ba, tun da kwamfutar da ta faɗi ba ta tsayawa har ta karɓi saƙo. Dole ma'aikaci ya je da ƙafarsa gaban kowace na'ura, ya tashe ta ta hanyar da masu gyara suke bi, ya nemo fayil ɗin, ya share shi. Waɗanda aka kulle bayanansu da tsarin BitLocker sai an buga musu lambar sirri mai alƙaluma 48, kuma a wasu ma'aikatu kwamfutar da aka ajiye lambobin a cikinta ita ma ta faɗi. Microsoft ya ba da labarin cewa wasu sun samu sa'a bayan sun kashe sun kunna har sau 15. Sai ranar 25 ga wata kamfanin ya ce kashi 97 cikin 100 sun dawo aiki. Kamfanin jirage na Delta ya soke tashi wajen 7.000 cikin kwana 5, ya ce ya yi asarar dalar Amurka miliyan 500, ya kai ƙara kotu a jihar Jojiya a watan Oktoba na shekarar.

Shugaban ma'aikata da ya ji wannan labari yana iya cewa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, ya hana a karɓi kowane gyara a ofishinsa. Abin da ya auku a shekarar 2017 ya isa ya hana shi. Ranar 14 ga Maris Microsoft ya fitar da gyaran wata kafa da ke cikin Windows. Ma'aikatu da yawa suka yi sakaci ba su sa shi ba. Ranar 12 ga Mayu cutar WannaCry ta bi ta kafar nan, ta kulle kwamfuta fiye da 200.000 a ƙasashe wajen 150, tana neman fansar dalar Amurka 300 kan kowace. A Ingila an soke ganin likita da tiyata wajen 19.000, a Faransa kamfanin Renault ya tsayar da wasu masana'antunsa. Waɗannan jinkirin wata biyu ya cinye su.

Saboda haka ba a ga laifin CrowdStrike don ya yi hanzari, ko don ma'aikacinsa ya yi kuskuren ƙidaya, domin babu mai rubuta manhaja da ba ya kuskure. Laifin da ya fi nauyi shi ne aika abin ga kowa da kowa a lokaci guda. Malamin gona ba ya raba sabon iri ga manoman jiha duka a damina ɗaya. Yakan gwada shi a ɗan fegi, ya ga yadda ya tsiro, sannan ya faɗaɗa. Masu sana'ar manhaja sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida, kuma kamfanin yana bin ta in zai sauya ita Falcon ɗin kanta. Ƙananan umarni irin na fayil 291 ne ya ɗauka ba su kai a yi musu haka ba, kuma abokan ciniki ba su da ikon cewa a dakata musu. Ba wannan ne karon farko da George Kurtz ya ga irin haka ba: a watan Afrilu na 2010, yana babban jami'in fasaha na kamfanin McAfee, wani gyara na kamfanin ya kayar da kwamfutoci masu yawa da ke aiki da Windows XP.

Ranar 24 ga Satumba na 2024 wani babban jami'in CrowdStrike, Adam Meyers, ya bayyana gaban wani kwamiti na majalisar wakilan Amurka, ya nemi gafara. Kamfanin ya ce daga nan zai riƙa sakin irin wannan umarni kashi-kashi, kuma kowace ma'aikata za ta iya zaɓen lokacin da za ta karɓa. Microsoft ya tuna wa jama'a cewa wata yarjejeniya da ya ƙulla da hukumar Tarayyar Turai a 2009 ita ta tilasta masa buɗe ƙurya ga masu gadi na wasu kamfanoni. A watan Yuni na 2025 ya sanar cewa yana aiki tare da su don su riƙa gadi daga waje, ba tare da shiga ƙuryar ba. A cikin sanarwar ya ƙara da cewa allon da kwamfuta take nunawa in ta faɗi zai bar shuɗi ya koma baƙi.