Abincin Kare: Na Gwangwani Ko Busasshe?

A ƙauyukanmu kare ba shi da tukunya tasa. Abin da ya ragu na tuwo, da ƙanzo, da ƙashin da aka yar, su ne rabonsa. Amma da yawa daga cikinmu sukan tafi birni cin rani, su sami aikin gadi. Sau da yawa maigida yakan haɗa wa mutum gida da kare, ya ba shi kuɗi ya ce ya sayo abincinsa a kanti. In ya shiga kantin sai ya tarar da iri biyu, wani cikin gwangwani, wani busasshe cikin buhu. To, wanne zai ɗauka?

Abin ya samo asali ne daga ƙasashen Turawa. Wajen shekarar 1860 wani mutumin Amurka mai suna James Spratt ya fara yi wa karnuka biskit a birnin Landan. A 1922 aka soma sayar da na gwangwani a Amurka, naman doki ne a ciki. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙarfen yin gwangwani ya yi wuya, mutane suka koma ga busasshe.

Babban abin da ya raba su shi ne ruwa. In muka kasa abincin gwangwani kashi 100, wajen kashi 75 ruwa ne. Busasshen kuwa ruwansa bai wuce kashi 10 ba. Bari mu auna mu gani. Gwangwani mai nauyin giram 400, giram 300 na ciki ruwa ne, abincin kansa giram 100 kaɗai. Busasshe mai wannan nauyi kuwa, abincin da ke ciki ya kai giram 360. Watau wanda ya sayi gwangwani, yawancin kuɗinsa ruwa ya saya, ga shi kuwa akwai ruwa a randa.

Mu ɗauki kare irin namu na gida, mai nauyin kilo 15. A yini yana bukatar gwangwani 2 ko fiye. A wata ke nan gwangwani 60. In busasshe ne, giram 250 ya ishe shi a yini, buhu mai kilo 8 ya kai shi wata. Saboda haka kada mu tambayi kuɗin gwangwani ɗaya. Mu tambayi kanmu, nawa za mu kashe kafin wata ya mutu?

Sai maganar ajiya, kuma a nan ne zafin ƙasarmu ke shiga. Muddin ba a buɗe gwangwani ba, yakan daɗe bai lalace ba. Da an buɗe shi ya zama kamar miyar nama. In an zuba wa kare bai cinye ba, kada a bar shi ya yini a kasko, gama ƙuda za su sauka, ya ruɓe. Ragowar da ke cikin gwangwani sai a firji, nan ma kwana kaɗan. Gidan da ba firji, ko wuta ba ta tsayawa, abin da aka buɗe sai a ƙarar da shi nan take. In kuma muka ga gwangwani ya kumbura, ko ya yi tsatsa yana yoyo, mu binne shi, kada ma mu buɗe.

Busasshen ya fi jimiri, amma shi ma yana da abokin gaba, watau danshi. Yawancinsa da masara ko wani hatsi ake yin sa. Mu manoma mun san abin da damina ke yi wa masara da gyaɗar da ba ta bushe ba: fumfuna take yi. Wata fumfunar tana da dafi wanda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka saboda busasshen abinci mai wannan dafi. Don haka mu ɗora buhun bisa katako, nesa da bango, mu ɗaure bakinsa saboda ɓeraye da ƙwari. Kada mu sayi buhun da ba zai ƙare cikin mako 6 ba, ko da an yi mana rangwame.

Karen da ke cin busasshe dole ruwa ya kasance kusa da shi dare da rana. Mai kilo 15 yakan sha wajen lita 1 a yini, da bazara fiye da haka.

Wannan ba ya nufin na gwangwani ba shi da rana. Yana da laushi, yana da ƙanshi. Tsohon kare wanda haƙoransa suka zube, da mara lafiya wanda ya ƙi cin komai, su ne suka fi dacewa da shi. Kwikwiyon da aka yaye ma haka, ko da yake shi ana iya jiƙa masa busasshen da ruwan ɗumi. Amma lafiyayyen kare mai gadi, a gidan da ba firji, mu a ganinmu busasshen ya fi.

Duk wanda za mu ba shi, kada mu sauya masa abinci rana ɗaya, zawo zai yi. Mu riƙa gauraya sabon da tsohon, muna ƙara sabon kaɗan kaɗan har kwana 7. In muna haɗa masa da ragowar gida, mu ware miyar da ta sha albasa ko tafarnuwa, don suna lalata jinin kare. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soke shi a ciki. Goro ma, da yara kan jefa masa don wasa, guba ne gare shi. In ya yi kwana 2 bai ci ba, ko yana amai, ko farin idonsa ya koma rawaya, mu kai shi wurin likitan dabbobi, mu tafi da buhun abincin ko gwangwanin don a duba.