Ɗaurin Noti a Injin Beetle: Kama da Wane Ba Ta Wane

Garin Potiskum ya daɗe da yin suna wajen harkar mota, domin yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Bauchi da Maiduguri, ga kuma kasuwar shanu mai jawo manyan motoci daga kudu. A shekarun 1970, lokacin da garin ke cikin Jihar Arewa Maso Gabas, sa'an nan Jihar Borno daga 1976, ƙananan motocin da suka fi shiga garejinsa su ne Peugeot da Volkswagen Beetle. A 1975 aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko. Yau Beetle ta yi wuyar gani, an ma daina ƙera ta a Meksiko tun 2003, amma darasin da injinta ya koya wa makanikai bai tsufa ba.

Injin Beetle iri-iri ne. Akwai 1200, da 1300 wanda ya fito a 1965, da 1500 a 1966, da 1600 a 1970. Dukansu masu silinda huɗu ne, iska ke sanyaya su, ba ruwa ba, kuma a ido kamar an tsaga kara. Nan ne tarkon yake, gama ƙarfin da ake ɗaure notinsu da shi ba ɗaya ba ne.

Ana auna ƙarfin ɗauri da kilogiram-mita, watau nauyin kilo ɗaya a rataye a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. Littattafan Ingila da Amurka kuwa da fam-ƙafa suke lissafi, kuma kilogiram-mita ɗaya ya ɗan zarce fam-ƙafa 7. Wanda ya rikita ma'aunin biyu ya kashe inji tun bai tayar da shi ba.

A duba kan silinda. Kowane kai noti takwas ke riƙe da shi, a kan dogayen ƙusoshin da aka dasa a jikin inji. A tsofaffin injuna kaurin ƙusar milimita 10 ne, ana ɗaure notinta kilogiram-mita 3.2, watau fam-ƙafa 23. A farkon shekarun 1970 kamfanin ya koma ga ƙusa mai milimita 8, wadda ake ɗaure wa 2.5 kurum, watau fam-ƙafa 18. Dalili kuwa shi ne, jikin injin na magnisiyam ne, ƙarfe marar nauyi mai taushi, kan silinda kuma na alminiyam, wanda ke kumbura fiye da baƙin ƙarfe in ya ɗau zafi. In inji ya yi zafi sai kai ya ja ƙusa, ita kuma ta cinye haƙoran ramin da take ciki. Siririyar ƙusa takan ɗan miƙe ta bi kumburin. Saboda haka wanda ya ba ta ɗaurin mai kauri ya cuce ta, balle a zafin watan Afrilu na Potiskum, inda ma'auni kan haura digiri 40.

Har wa yau tayoyi ma sun bambanta. Tsohuwar Beetle mai ƙusa biyar a taya ana ɗaure ta fam-ƙafa 72, mai ƙusa huɗu ta baya kuwa kusan 90. Notin murfin rariyar mai da ke ƙarƙashin inji fam-ƙafa 5 kawai yake so, alhali kuwa babban notin tayar baya ya wuce 200.

Abin lura shi ne, injin da ya shekara hamsin yana yawo hannu-hannu da wuya a same shi da kayansa na asali. Sau da yawa jiki na wannan shekara ne, kai na waccan. Don haka shekarar mota ba hujja ba ce. Sai an auna kaurin ƙusa tukuna, a ɗaure noti bi da bi, da sassauci da farko, kana a cika.

Sifana mai ma'auni tana da tsada, amma ba ta kai kuɗin jikin inji ba. Ya kamata masu gareji su mallake ta, su kuma koya wa yaransu karanta ta, domin injunan zamani ma kawunansu na alminiyam ne, ba sa yafe wa mai ɗauri da ƙarfin damtse.