Daga "palaver" zuwa fada: yadda zaman shawara ya zama hirar shayi

Idan Bature ya kira magana da "palaver", yana nufin dogon surutu mara amfani. Amma da farko ba haka ma'anarta take ba. Kalmar ta fito ne daga "palavra" ta harshen Fotugal, wato magana. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 18 ta bakin fataken jiragen ruwa a gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda ke kiran zaman sasantawa da sarakunan yankin da wannan suna. Sannu a hankali darajarta ta zube har ta koma zancen wofi, a Turancin Buroka na Najeriya kuma "palava" rigima ce.

Irin wannan tafiya kalmar "fada" ta yi a jihar Damagaram. Asalinta wurin da sarki ke zama da fadawansa ana yanke shawara. A shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe bakin jama'a a Nijar, matasan birnin Zinder suka ari sunan suka laƙaba wa majalisarsu ta bakin titi: tabarma ko benci, buta kan gawayi, rediyo a gefe. Daga nan al'adar ta bazu, har Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kanta a 2019.

Yau da wuya ka ratsa unguwa a Magaria ko Dungass, wadda ta zama gunduma a 2011, ba ka ga fada ba. Dattawa da dama zaman kashe wando suke ganinta, musamman da ƙungiyoyin "palais" na Zinder suka yi ƙaurin suna da rigima.

Sai dai a fada ake jin farashin canjin Naira da Sefa, da labarin kasuwar Maigatari, da hanyar da ta fi aminci ga mai niyyar ci-rani zuwa Kano, Aljeriya ko Libiya. Nan ake haɗa gudummawar biki da ta jinya. Waɗanda suka yi nisa kuwa sun mayar da fadarsu WhatsApp.

Hukuma ko ƙungiyar da ta ɗauki wannan zama a matsayin surutu kawai, ta rufe wa kanta ƙofar da ta fi kusa da matasan yankin.