Tsofaffi huɗu, raƙumi ɗaya da silimar Umdurman

A Umdurman aka haife ni, amma kakana daga ƙasar Kano ya taso da niyyar aikin hajji, ya yada zango a Sudan, zangon da bai tashi ba har Allah ya karɓi abinsa. Labarin gidaje da yawa ke nan, daga Mai Wurno har Khartum. Na taso a shagon mahaifina ina auna yadi, amma in an tambaye ni me nake so in zama, ba ɗan kasuwa nake cewa ba. Mai majigi nake so in zama, mutumin nan da ke zaune a ɗan ɗakin sama na gidan silima, wanda haske ke fitowa ta tagarsa ya sauka a farin bango.

Silimomin Sudan na lokacin yawancinsu ba su da rufi. Kana kallon fim ɗin Indiya, taurari na samanka, iskar dare na kaɗawa. Ranar da mahaifina ya gano inda nake kai kuɗin karin kumallona, bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi, "Kai yaro, hasken bango ba ya ciyar da iyali." Shi ke nan, na koma kan yadi. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir na 1989 kuma, gidajen silima suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har maganar ta mutu da kanta.

Abin da ya tono mini wannan tsohon buri wani fim ne mai suna Talking About Trees, wato hira a kan itatuwa, wanda Suhaib Gasmelbari ya shirya, ya fito a 2019. Ba ƙagaggen labari ba ne. Kamara ce ta bi wasu dattawa huɗu, Ibrahim Shaddad, Sulaiman Ibrahim, Manar al-Hilo da al-Tayyib Mahdi. Dukkansu sun yi karatun fim a waje tun suna samari: Ibrahim a Jamus ta Gabas, Sulaiman a Mosko, sauran biyun a Alƙahira. Sun dawo gida da zumuɗi, suka kafa ƙungiyarsu ta masu fim a 1989, sai ga juyin mulki a shekarar. Aikin da suka yi wa tanadi ya tsaya cik. Wasu suka yi gudun hijira, kowa ya tsufa da burinsa a aljihu.

To a fim ɗin sai ga su, kai duk furfura, sun ƙudurta sai sun sake buɗe tsohuwar silimar Saura da ke Umdurman, ko da na dare ɗaya ne, kuma kyauta. Su ne shara, su ne wankin bango. Tsohuwar motarsu sai an tura take tashi. Suna bin matasan unguwa suna tambaya wane fim suke so, daga ƙarshe aka tsaya a kan Django Unchained na Amurka. Akwai inda Ibrahim ya shigo da raƙumi cikin filin silimar yana zagayawa da shi tsakanin kujeru, kamar wani babban baƙo. Nan ne autata ta yi dariya har da faɗuwa daga tabarma.

Ni abin da ya fi taɓa ni farkon fim ɗin ne. An ɗauke wuta, suna zaune a duhu. Maimakon ƙorafi, sai suka kunna fitilu suka hau kwaikwayon wani tsohon fim na Amurka, Ibrahim ya yafa mayafi ya zama jaruma, wani ya riƙe kamarar da babu ita. Tsofaffi ne fa, sa'annin baffannina, suna wasa kamar yaran da aka sallamo daga makarantar allo. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama a shago ranar da babu ciniki, shi da maƙwabtansa suna ba juna dariya don kada zuciya ta karye, ya san wannan yanayin.

Gara in faɗa muku tun yanzu, ba su samu izinin ba. Daga wannan ofis a tura su wancan, har ga jami'an tsaro, a ƙarshe dai shiru. Wanda ya saba da finafinan da ake rufewa da biki da anko zai ce an cuce shi. Ni ban ga haka ba, domin har fim ɗin ya ƙare ban ga ɗayansu ya yi nadamar share filin nan ba. Fim ɗin ya ci kyautar finafinan gaskiya a bikin Balin na 2019, watanni biyu kafin a hamɓarar da al-Bashir.

A tsakar gidanmu muka kalle shi, a kwamfutar babban ɗana. Da aka gama 'yata ta ce, "Baba, kai me ka so ka zama kana yaro?" Shekara talatin da wani abu ba wanda ya yi mini wannan tambayar. Na ba su labarin ɗan ɗakin sama. Uwargida ta dube ni ta ce, "Alhaji, ashe da mai majigi nake zaune ban sani ba?"

Bayan sati biyu na sayo ƙaramin majigi, na hannu, a kusa da shagona a Suk Libiya. Duk daren Juma'a sai mu rataya farin yadi a katanga (yadi dai ba ya yi mini wuya), yaran maƙwabta su cika gidan. Mun kalli Charlie Chaplin, kamar yadda dattawan nan suke nuna wa mutanen ƙauye, mun kalli na Kannywood don yaranmu su ji Hausar Kano, don tasu ta cakuɗe da Larabci. Sharaɗina ɗaya ne: sai an yi sallar isha'i ake kunnawa.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Mun fita da kayan jikinmu da takardu. Shagon ya tafi, majigin ma yana can inda na bar shi a kan kabad, in yana nan.

A Kano muke yanzu, ina lallaɓawa a gefen wani ɗan'uwa a Kantin Kwari. A nan na kalli Goodbye Julia na Muhammad Kordofani, wanda ya samu kyauta a bikin Kan na Faransa a 2023, labarin wata mata a Khartum da ta bar waƙa saboda mijinta. Shi kansa Kordofani injiniyan jirgin sama ne kafin ya koma fim. Amma wannan na manya ne, akwai kisa da zafin rabuwar Kudu da Arewa a ciki, a bari yara su yi barci tukuna. Na tsofaffin nan kuwa, a kalla da kowa, har da kaka.

Watan jiya na ga wani majigi na hannu a kasuwa, na taya, mai shi ya ƙi. Uwargida ta ce kuɗin makarantar yara ne a gaba, kuma gaskiyarta. Na dai karɓi lambarsa, na kuma yanke yadi huɗu na farin ƙyalle na ajiye a ƙarƙashin kanta.