Shimfiɗar Saukar Jirgin Sama da Yadda Ake Gwada Ta

Duk nauyin jirgin sama a kan 'yan tayoyinsa yake taruwa, in ƙasa ba ta da ƙwari sai su nutse. Gina titin jirgi na kwalta ko kankare kuwa aikin watanni ne, alhali yaƙi da ambaliya da ɗaukar majinyaci ba sa jira. Wannan ne ya sa injiniyoyi suka ƙirƙiro shimfiɗar wucin gadi, wato fallaye masu ƙarfi da ake sarƙafa su da juna a kan ƙasa.

Sojojin Amurka sun gwada ta ƙarfe mai huje-huje a 1941 kusa da garin Marston, kowane falle nauyinsa kusan kilo 30. A shekarun 1960 aka koma ta alminiyam mai suna AM-2, wadda aka shimfiɗa a Chu Lai ta ƙasar Biyetnam a 1965. Tana da juriya, sai dai babban fallenta ya haura kilo 60, jigilarta kuma na cinye jirage da yawa. Shi ya sa ake neman marar nauyi, wadda ake haɗawa da zaren gilashi ko na kabon a daskarar da shi da ƙaro.

A cibiyar binciken injiniyoyin sojan Amurka da ke Vicksburg, da gangan ake tanadar ƙasa mai taushi a shimfiɗa fallayen. Sai a ɗaura tayar jirgin yaƙi a jikin wata mota, a lafta mata nauyi, ta yi ta kai da komo sau ɗaruruwa. Ana auna zurfin lotsawar ƙasa, ana duba mahaɗar fallaye, domin nan tsagewa ta fi farawa.

Ke nan shimfiɗa da ƙasar da ke ƙarƙashinta tare ake jarraba su. Misali, a Batsari da Safana, musamman ƙauyukan bakin dajin Rugu masu nisa da filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina, jigawa yashi ce, fadama kuwa laka take zama a watan Agusta. Da rani helikwafta kan tayar da ƙurar da ke rufe wa matuƙi ido. Don haka kafin a dogara da kowace shimfiɗa wajen ceton rai a wannan yanki, wajibi ne a gwada ta a ƙasarsa, rani da damina.